Ina ake samo binciken da za a dogara da shi a aikin jin daɗin jama'a?

Ɗalibar Aji Huɗu:
Assalamu alaikum, malamai da yayyena na wannan zaure. Ina rubuta kundin kammala digiri a kan yaran da ake reno a gidajen marayu da waɗanda ake ba iyalai riƙo. Mai duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, wato bitar ayyukan da suka gabata, ya ja jan biro a kan manazarta da yawa, ya rubuta a gefe wai ba abin dogaro ba ne. Wasu daga shafukan ƙungiyoyin agaji na ɗauko, wasu kuma maƙalolin mujallu ne da na gani a Google, har da lambar fitowa da shekara. Ni dai ban gane ma'aunin ba. Ta yaya ake bambance na kirki da na banza? Kuma ina ake samun na kirkin ba tare da an ce sai ka biya ba?

Sarkin Yanke:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki wahalar da kanki. Ki buɗe ChatGPT ki ce ya ba ki maƙaloli ashirin a kan batun daga 2015 zuwa yau. Kafin ki ƙifta ido ya jero miki su da sunayen marubuta da komai.

Ɗan Laburare:
Don Allah kada ki bi wannan shawara yadda ya faɗe ta. Irin waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro maƙalar da babu ita a duniya, su liƙa mata sunan masani na gaske da mujalla ta gaske, har da shafi kaza zuwa kaza. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun shigar da takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga musu. Lauyoyi ke nan, masu cin abinci da bin diddigi. In kin ga dama ki yi amfani da shi wajen samo kalmomin nema, ko ya warware miki sakin layin da ya cushe miki. Amma duk maƙalar da ya ambata, sai kin je shafin mujallar kin gan ta da idonki. Yawancin maƙalolin yanzu suna da lambar DOI, wato lambar shaidar da ta keɓanta da kowace maƙala. Ki saka ta a doi.org, ki tabbata abin da ya buɗe shi ne abin da aka ce miki, domin wani lokaci lambar tana aiki amma wata maƙala dabam take kai ki.

Sarkin Yanke:
To Malam, ai ban ce kada ta duba ba.

Ɗan Laburare:
Ba ka kuma ce ta duba ba, yayana.

Komawa ga tambayarki. Ki bar Google na gama-gari ki koma Google Scholar, wanda aka buɗe tun 2004 don rubuce-rubucen ilimi kawai. Sai dai ki sani shi ma ba ya tacewa sosai; duk abin da ya yi kama da maƙala yana kwasowa. Amfaninsa mafi girma a wurina shi ne ɗan rubutun da ke ƙarƙashin kowace maƙala mai nuna waɗanda suka kafa hujja da ita daga baya. In kin sami maƙala ɗaya mai kyau ta shekaru goma da suka wuce, ki danna nan, za ki ga waɗanda suka ɗora a kanta da waɗanda suka ƙaryata ta. Sannan ki koma ƙarshen maƙalar ki bi manazartarta baya. Da wannan gaba da bayan kaɗai za ki gane su wane ne ake ji da su a fannin, domin sunayensu za su yi ta maimaituwa.

Tunda batunki ya shafi girman yara da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, rumbun maƙaloli na PubMed zai yi miki amfani ƙwarai. Na babban ɗakin karatun likitanci ne na gwamnatin Amurka, kyauta ne, kuma sashensa na PubMed Central yana da cikakkun maƙaloli ba tsakure kawai ba. Rumbuna irin su Scopus da Web of Science da PsycINFO da Social Work Abstracts kuwa sai makarantarku ta yi rajista. Ki je ki tambaya a laburarenku. Abin da ke ba ni takaici shi ne makaranta ta biya ko ta sami damar shiga, amma ɗalibai su gama digiri ba su taɓa jin labari ba. Makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa suna cikin shirin Research4Life mai ba su damar karanta mujallu kyauta ko da rahusa, wanda ya samo asali daga Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, kuma kalmar sirrin tana hannun ma'aikacin laburare.

Mai Digiri Na Biyu:
Ƙari a kan maganar Malam: akwai Unpaywall da ake ɗora wa burauza, in ka buɗe maƙalar da aka kulle sai ya nuna maka ko akwai halastaccen kwafinta na kyauta a wani wuri. In babu, ki aika wa marubucin imel. Adireshinsa yana shafin farko. Layi uku ya isa: ga ni, ga abin da nake rubutawa, ina roƙon kwafi. Da yawansu suna turowa, don ba su ne ke cin kuɗin da mawallafa ke karɓa ba.

Ɗalibar Aji Huɗu:
Allah ya saka da alheri. Amma Malam, waɗanda aka ja mini biro a kansu ma mujallu ne fa. Har sun rubuta a shafinsu cewa masana suna tantance kowace maƙala.

Malamin Bincike:
'Yata, rubuta hakan a shafi ba ya cin ko sisi. Akwai mujallun da kasuwancinsu ke nan: ka biya, su buga, babu wanda ya karanta. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado da ke Denver, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayensu a wani jeri har ya sauke shi a farkon 2017. A 2013 kuma ɗan jarida John Bohannon ya ƙaga maƙalar bogi a kan maganin kansa, ya cika ta da kurakuran da ɗalibi ma zai gano, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin.

Ki koma shafukan waɗannan mujallun naki ki duba wasu abubuwa. Shin mujalla ɗaya tana buga aikin injiniya da noma da adabi da aikin jin daɗin jama'a duk a fitowa guda? Tana alkawarin bugawa cikin kwana uku ko mako ɗaya? Ki duba ranar da aka karɓi maƙala da ranar da aka amince da ita, ana rubutawa a shafin farko. Tantancewa ta gaske wata da watanni take ɗauka, saboda sai edita ya nemo masana biyu ko uku, su karanta, su yi suka, marubuci ya gyara, wani lokaci a sake zagayowa. Ki ɗauki sunan mutum ɗaya daga cikin editocin ki nemi shafinsa na jami'a, ki ga ko ya ma san an sa shi. Sannan ki nemi sunan mujallar a DOAJ, rumbun da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, wanda ke tantance mujallun kyauta kafin ya shigar da su. Rashin suna a can ba hukunci ba ne, domin mujallun da ake biya a karanta ba sa ciki, amma mujallar da ta ce kyauta ce kuma ba ta ko'ina, ki yi hattara da ita. Mujallun bogin kuma ki lura, suna son ɗaukar sunan da ya yi kama da na sananniyar mujalla, su sauya kalma ɗaya.

A fanninmu akwai waɗanda aka daɗe da sani: British Journal of Social Work, Research on Social Work Practice, International Social Work, Child Abuse & Neglect, Children and Youth Services Review. Ba wai duk abin da ke cikinsu gaskiya ba ne. Amma aƙalla wani ya karanta kafin a buga.

Uwar Marayu:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Malam, da girmanka, amma bari in faɗi abin da ke raina. Na tsufa a aikin nan. Yaran da ake turo mana daga jami'a suna zuwa da sunayen Turawa a baki, wane ya ce, wance ta ce, amma ka sa su gaban uwar da aka raba da 'ya'yanta su rasa ta inda za su fara. Ni abin dogarona shi ne abin da idona ya gani da abin da mutanen da muke wa aiki suka faɗa mini da bakinsu. In uwa ta ce abin da muka yi ya taimake ta, wace mujalla ce za ta fi ta sani?

Malamin Bincike:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ba na jayayya da ke a kan cewa zama gaban mutum ba a koyonsa a takarda. Amma tambayarki ta ƙarshe tana da amsa, kuma amsar ba ta da daɗi.

A ƙarshen shekarun 1930 aka fara wani shiri a garuruwan Cambridge da Somerville na jihar Massachusetts a Amurka, likita Richard Cabot ne ya assasa shi. Aka ɗauki yara maza, aka haɗa su bibbiyu masu kama da juna a shekaru da hali da yanayin gida, aka jefa kwabo: ɗaya ya shiga shirin, ɗaya a bar shi yadda yake. Yara 253 a kowane ɓangare. Waɗanda suka shiga an ba su mai ba da shawara da ke ziyartarsu a gida, an taimake su da karatu, an kai su asibiti, an tura wasu sansanin hutu, kimanin shekara biyar ana yi. Duk abin da ni da ke za mu kira aikin alheri.

Bayan shekara talatin Joan McCord ta bi sawunsu, ta buga sakamakon a 1978. Mafi yawan waɗanda suka amsa tambayoyinta daga cikin 'yan shirin sun ce ya taimake su, wasu suna tuna mai ba su shawara da ƙauna. Amma da ta duba takardun kotu da na asibiti da na mutuwa, sai ta tarar 'yan shirin sun fi waɗanda aka ƙyale sake aikata laifi, sun fi su alamun shaye-shaye da taɓin hankali, sun fi su mutuwa da wuri. Daga baya ita da abokan aikinta suka nuna cewa waɗanda aka fi tura wa sansanin hutu su suka fi lalacewa, abin da ya sa ake zargin tara yara masu matsala wuri ɗaya ne ya sa suke koya wa juna.

Babu ma'aikaci ko ɗaya a shirin nan da zai iya gane haka da idonsa. Yaron da ke gabansa kawai yake gani, ba ya ganin takwaransa da kwabo ya bari a waje. Mutumin da ya ce an taimake shi ba ƙarya yake ba, amma shi ma bai san yadda rayuwarsa za ta kasance da ba a taɓa shi ba. Shi ya sa in ɗalibi ya kawo mini maƙalar da ke cewa shiri kaza yana aiki, tambayata ta farko ita ce: da wa aka gwada su?

Mai Digiri Na Biyu:
Irinsa ne shirin nan na kai yara masu ƙiriniya kurkuku don fursunoni su tsorata su, wanda ya yi suna daga gidan yarin Rahway a New Jersey a shekarun 1970. Kowa ya ji zai ce dabara ce. Anthony Petrosino da abokan aikinsa suka tattaro gwaje-gwaje 9 da aka raba yara ta ƙuri'a, suka tarar waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Malamin Bincike:
Yawwa. Kuma wannan aikin na Petrosino shi ne irin abin da nake so ɗalibarmu ta fara nema. Ba bincike ɗaya ba ne, bita ce ta duk binciken da aka yi a kan tambaya guda: masu yin ta suna faɗin inda suka nema, da ƙa'idar da suka bi wajen ɗauka da zubarwa, da raunin kowane bincike, tun kafin su ga sakamako. Tankaɗe da rairaya na gaske. Ƙungiyar Cochrane, da aka kafa a 1993, tana yin wannan a fannin lafiya. Campbell Collaboration, da aka kafa a 2000, tana yi a namu fannin da ilimi da shari'ar laifuka, kuma karanta nata kyauta ne. Bita ɗaya mai kyau za ta ba ki taswirar fannin da jerin manazarta da aka riga aka tace.

Uwar Marayu:
Na ji, Malam, kuma labarin yaran nan ya taɓa ni. Amma ka lura duk misalan da kuka kawo daga ƙasa ɗaya suke. Yaron da ya tashi a gidan da kaka da gwaggo da kawu duk suna da hannu a tarbiyyarsa, da yaron da daga shi sai uwarsa a ɗaki, ai ba abu ɗaya ba ne. In an gwada abu a can ya yi, wa ya ce zai yi a ko'ina? In kuma bai yi a can ba, wa ya ce ba zai yi a wani wuri ba?

Mai Digiri Na Biyu:
Nan kam Mama tana da gaskiya, kuma masanan da kansu sun yarda. Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan'adam a 2008, daga baya Joseph Henrich da abokansa suka yaɗa lissafin a 2010: kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi binciken a kansu daga ƙasashen da ke da kashi 12 cikin ɗari kacal na mutanen duniya suke. Ma'anar aikinmu da ƙungiyoyin duniya na ma'aikatan jin daɗin jama'a da makarantunsu, IFSW da IASSW, suka amince da ita a 2014 ma ta ambaci ilimin 'yan asalin wuri cikin abubuwan da sana'ar ta dogara a kai. Shi ya sa bai kamata a tsaya kan manyan rumbuna kawai ba. Akwai AJOL na mujallun Afirka, akwai SciELO da ya faro daga Barazil, akwai kundayen digiri a rumbunan jami'o'i. Ingancinsu ya bambanta, sai ka karanta da ido biyu, amma wani lokaci su kaɗai ne suka yi magana da mutanen da kake wa aiki.

Malamin Bincike:
Na yarda da rabi. Nisan wuri dalili ne na yin tambaya, ba dalilin yin watsi ba ne. Abin da nake gani shi ne mutane suna tuna cewa "ai can ne aka yi" sai lokacin da sakamakon bai yi musu daɗi ba. In ya goyi bayan abin da suke yi, babu mai tambayar ƙasar.

Ga misali daga batun ɗalibarmu. Binciken da ya fi ƙarfi a kan gidan marayu da riƙo shi ne na Bukares a Romaniya, wanda Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara a farkon shekarun 2000. Yara 136 da ke gidajen reno na gwamnati, masu wata 6 zuwa 31, aka raba su ta ƙuri'a: 68 aka kai su hannun iyalai, 68 suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai gidaje sun fi samun ci gaba a basira da harshe da shaƙuwa da mai reno, musamman waɗanda aka fitar kafin su kai shekara biyu. 'Yata, in babu wannan a babinki na biyu, mai duba aikinki zai sake dawo miki da shi.

Uwar Marayu:
To Malam, su waɗannan iyalan, haka kawai aka miƙa musu yaran aka juya? Ko akwai mai bin su?

Malamin Bincike:
A'a. Lokacin kusan babu tsarin riƙo a birnin, masu binciken ne suka gina nasu. Sun zaɓi iyalan, sun horar da su, ana biyansu, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a suna ziyartarsu a kai a kai.

Uwar Marayu:
Ka ga inda nake nufi. Ashe ba "riƙo ya fi gidan marayu" binciken ya nuna ba. Riƙon da aka zaɓi mai yinsa, aka koya masa, aka tallafa masa, ake kuma leƙa shi, shi ne ya fi gidan da yara suka yi wa masu reno yawa. Wanda ya karanta tsakure kawai zai je ya rufe gida ya rarraba yara ga duk wanda ya miƙo hannu, ya ce bincike ne ya ce. Na ga yaran da aka kai riƙo suka koma 'yan aikin gida.

Malamin Bincike:
Wannan karatun naki ya fi na ɗalibaina da yawa, Hajiya. Abin da kika yi yanzu shi ne karanta sashen hanyoyin gudanar da bincike, sashen da kowa ke tsallakewa. Kuma tambayar ba ta zo miki daga littafi ba. David Sackett, da ya bayyana aiki da hujja a likitanci a 1996, bai ce takarda ta maye gurbin gwaninta ba. Haɗa su ya ce a yi, tare da abin da mara lafiyan ke so.

Ma'aikacin Agaji:
Ni inda nake da ƙorafi shi ne jan biro a kan rahotannin ƙungiyoyi. Mu ne a fili. Kafin maƙala ta fito a mujalla shekara biyu ta wuce, yaran da aka yi maganarsu sun girma. Don me za a ce rahotonmu ba hujja ba ne?

Ɗan Laburare:
Ba duka aka ce ba, yallaɓai. Kalmar "rahoto" ce ta ɗauki abubuwa mabambanta. Binciken gidaje na MICS da UNICEF ke tallafa wa ƙasashe su yi tun tsakiyar shekarun 1990, ko na DHS da aka fara a 1984, suna bayyana yadda aka zaɓi gidaje, da yawan waɗanda aka tambaya, da takardar tambayoyin kanta a ƙarshen littafin. Babu malamin da zai ƙi wannan. Amma rahoton shekara mai hotunan yara suna murmushi, wanda aka rubuta don masu ba da tallafi su sake bayarwa, aikinsa dabam ne. Za a iya kafa hujja da shi a kan abin da ƙungiyar ta ce ta yi. Ba za a iya kafa hujja da shi a kan cewa abin ya yi amfani ba.

Ma'aikacin Agaji:
Muna yin kimantawa fa. Muna auna yara kafin shiri da bayan shiri.

Malamin Bincike:
Madalla, ya fi babu. Amma iyali sukan zo wurinku ne a lokacin da abu ya kai maƙura, kuma abin da ya kai maƙura yakan sassauta ko da ba a yi komai ba. Yaro kuma yana girma ko da shiri ko babu. In babu wasu yara makamantansu da ba su shiga ba, ba za ka iya raba aikinku da aikin lokaci ba. Sai kuma a tambaya: wa ya yi kimantawar, wa ya biya shi, kuma da sakamakon ya fito da muni za a wallafa? Wannan tambayar ba ku kaɗai take bi ba, har mu. Mujallu ma sun fi son buga abin da "ya yi aiki", wanda bai yi ba ya kwana a durowa.

Sarkin Yanke:
To in haka ne ai babu abin dogaro ke nan. Mujalla da matsala, rahoto da matsala, ChatGPT da matsala. Kowa ya rubuta abin da ya samu kawai.

Mai Digiri Na Biyu:
Haba yaya. Don ana samun jabun kuɗi ai ba a daina karɓar kuɗi ba, dubawa ake yi. Gaskiya ne manya ma suna faɗuwa. Babbar mujallar likitanci The Lancet ce ta buga maƙalar Andrew Wakefield a 1998, mai yara 12 kacal, wadda ta jawo tsoron allurar rigakafi, ba a janye ta ba sai 2010. A 2015 wasu masana suka sake gudanar da bincike 100 na ilimin halayya, kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Amma ta yaya muka san duk wannan? Saboda an rubuta yadda aka yi, wasu suka bi suka gano. Abin da aka turo maka a WhatsApp babu mai iya bin sa.

Ƙanwata, ki sauke manhajar Zotero, kyauta ne. Yana tara miki manazarta, ya tsara su, kuma yana ja miki kunne in wata maƙala a cikinsu tana rumbun Retraction Watch na maƙalolin da aka janye. Sannan kada ki kafa hujja da abin da ba ki buɗe ba. In wane ya ce wance ta ce, ki nemo wance. Adadi yakan canza kama a hanya: binciken da aka yi a gari ɗaya, bayan hannu uku sai ki ga ya zama na duniya baki ɗaya.

Uwar Marayu:
Saura abu ɗaya da ba ku taɓa ba. Duk lissafi kuke ta yi. Ina binciken da aka zauna da yaran aka tambaye su yadda suka ji? Ko shi ba ya cikin abin dogaro?

Malamin Bincike:
Yana ciki, tambayar da yake amsawa ce dabam. In kina son sanin ko shiri ya rage wani abu, sai an gwada rukuni da rukuni. In kina son sanin dalilin da ya sa yarinya ta gudu daga gidan riƙo, ko yadda saurayi yake ji ranar da aka ce ya girma ya bar gidan marayu, ƙuri'a ba za ta gaya miki ba, sai hira. Kuma shi ma yana da na kirki da na banza. A duba su wa aka yi hira da su da yadda aka same su. In shugaban gidan ne ya zaɓo yaran, ya kuma zauna a ɗakin, kin san abin da za su ce. A duba ko an nemi yardarsu, ko an ɓoye sunayensu, ko marubucin ya kawo maganar waɗanda suka saɓa wa ra'ayinsa. Mutum goma sha biyar sun isa a fahimci abu da zurfi, amma ba su isa a ce "kashi kaza na yara" ba. CASP, ƙungiyar da ke koyar da tantance ingancin bincike, tana da takardun tambayoyi na kyauta don auna kowane irin bincike, har da wannan.

Uwar Marayu:
To yaran Romaniyan nan, an ci gaba da bin su, ko da aka buga takarda aka watse?

Malamin Bincike:
An bi su, a shekara 8 da 12 da 16. A shekara 12 an ga waɗanda suka ci gaba da zama a gidan riƙonsu na farko sun fi waɗanda aka sauya wa wuri lafiyar hali. Amma a nan sai a yi taka-tsantsan, Hajiya, domin wannan rabon ba ƙuri'a ce ta yi shi ba. Yana yiwuwa sauyin wurin ne ya jawo matsalar, yana kuma yiwuwa yaron da ya fi matsala tun farko shi ne riƙonsa ya fi saurin watsewa. Duk da bincike ɗaya ne, sakamakon farko na ƙuri'a ya fi na biyun ƙarfi, kuma in ɗalibarmu za ta kawo su duka a babinta, kada ta ba su nauyi ɗaya.